Girka a Adar da Ƙwanni: jinyar da ke tara gida duka

A ƙauyukan Adar da kewayen Birnin Ƙwanni, idan mace ta daina barci, abinci ya fita ranta, tana kuka ba dalili, ko ɓari ya yi ta maimaita mata, an sha malamai an sha saiwa ba sauƙi, a da maganar takan ƙare ne a hannun 'yan bori. Su ce iska ce ke son ta, sai an yi mata girka. Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta daɗe tana bincike a Adar, ƙasar da sarautarta ke Illela, ta fitar da littafi a 1989 kan iskokin borin wannan yanki. 

Ban zo gardamar akwai iska ko babu ba. Yadda aka tsara jinyar shi ne ya ja hankalina.

Ana killace marar lafiya kamar kwana bakwai a hannun wadda ta riga ta shiga bori. A ba ta jiƙo, a yi mata wanka da turare, a kula da abin da take ci. Masu goge da masu ƙwarya su yi ta kiɗa har iskar ta hau, ta faɗi sunanta da buƙatarta: tufafi masu launi kaza, akuya ko kaza iri kaza. Waɗannan kaya ba majinyaciya ke saye ba. Miji da iyaye da dangi ne za su yi karo-karo, wanda ya noƙe kuma gari ya gan shi. Matar da ta yi shekaru ba mai jin kukanta a gidan kishiya, ga ta yau kowa na hidimarta, kuma abin da kunya ta hana ta faɗa da bakinta an ji shi daga bakin iskarta, Doguwa, wadda ba a yi wa musu. Bayan an fito da ita tana da uwar ɗaki, tana da ƙawaye, tana da wurin zuwa duk ranar wasa.

Masana ba da shawara a Amurka sun iso kusa da nan ta wata hanya. A farkon shekarun 1990 Melvin Witmer da Thomas Sweeney suka zana da'irar lafiya bisa koyarwar Alfred Adler, imani a tsakiya, aiki da abota da soyayya da sarrafa kai suna kewaye da shi. Da Jane Myers da Sweeney suka auna ta da bayanan mutane masu yawa, zanen bai tsaya ba, sai suka sake fasali wajen 2004, imani ya bar tsakiya ya koma cikin sauran sassa. Amma a duka biyun mutum ɗaya ne ke zaune gaban mai shawara yana amsa tambayoyi kan iyalinsa. Girka ba ta tambayar labarin miji, kiran sa take yi ya zo da akuya. A nan, a ganina, ta fi su fahimtar inda ciwon yake.

Sai dai aibinta ba ƙarami ba ne. Tsadarta kan cinye rumbun talaka. Mai farfaɗiya ko taɓin hankali mai tsanani yana iya shekara ana masa kiɗa, alhali ƙwaya na iya tsayar da faɗuwar. Kuma kishiyar na nan, talaucin na nan. Sauƙin da aka samu na lokaci ne, shi ya sa iskar kan dawo da sabuwar buƙata.

Yau borin ya ja baya. Wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma tsallako Nijar, ya sa da yawa suna kunyar a gan su wurin goge, ruƙiya ta karɓi majinyata. Malam ya yi karatu, aljani ya fita, kowa ya watse. Asibitin Galmi da ke gundumar Malbaza, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ya yi suna a tiyata da haihuwa, sashen masu taɓin hankali da aka fi sani kuma, Pavillon E, yana Yamai, sama da kilomita 400 daga Ƙwanni. Cikin waɗannan babu mai ba wa mace mako guda na hutu da ƙungiyar da za ta riƙe ta bayan an sallame ta.

An taɓa lura da wannan giɓi a Sakkwato, nan kudu da iyaka. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya ga hana mata bori ba. Ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajoji, tana ba kowace malfa irin wadda Innar Gobir, shugabar bori, ke sawa. Matan ƙauye suka riƙa tahowa ayari-ayari suna koyon karatu, suna komawa su duba marasa lafiya, su wanke gawa, su sasanta masu husuma a garuruwansu.