Sharhi a kan Yadda Ake Koyar da Aikin Yubikwitin

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a littattafan da muke koyarwa da su, watau cewa yubikwitin tambarin mutuwa ne kawai: duk furotin ɗin da aka liƙa wa shi, nasa ya ƙare. Ra'ayin yana da tushe. Shi ne abin da binciken Hershko da Ciechanover da Rose ya fara nunawa, har ya kai su ga lambar Nobel a 2004. Amma ya taƙaita ƙwarai, domin ya mance da siffa.

Inda Ra'ayin Ya Gaza

Na farko, yubikwitin kansa, mai amino asid 76, yana da laisin guda bakwai, kuma ta kowannensu ana iya ƙulla sarƙa. Sarƙar da aka ƙulla ta laisin na 48 takan dunƙule, ita ce ke kai furotin ga furotiyazom, injin da ke niƙe shi. Wadda aka ƙulla ta na 63 kuwa a miƙe take, aikinta isar da saƙo da gyaran DNA. Ashe kama da wane ba ta wane.

Na biyu, inzayim E3, waɗanda sun haura 600 a jikin ɗan Adam, ba sa kama furotin sai sun ga gurbin da ya dace da su. Alal misali, VHL ba ya gane HIF-1α sai an ƙara wa wani furolin nasa iskar oksijin. In iskar ta yi ƙaranci, sai furotin ɗin ya tsira, ya ta da ƙwayoyin gadon da ke taimakon jiki jure rashinta.

Na uku, ko an liƙa tambarin, furotiyazom yana bukatar wani sashe sako-sako da zai kama ya warware naɗin. Furotin mai naɗi kam-kam yakan gagare shi, sai p97 ya fara kwance shi.

Kammalawa

Wannan ba gardamar malamai ba ce kurum. Ƙwayar cutar HPV tana haddasa sankarar bakin mahaifa ne ta hanyar furotin E6, wanda ke haɗa E6AP da p53, a niƙe mai tsaron ƙwayar halitta. Ɗalibin da aka haddatar da shi "tambarin mutuwa" ba zai iya bayanin wannan ba. Saboda haka ina ba da shawara mu riƙa fara darasin daga siffa, sa'an nan tambari ya biyo baya.