Gonar Tudu a Cikin Hazo: Sharhi a Kan Wasu Hotuna

Wani matashi ya kawo mini hotunan da ya ɗauka da hunturu tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ya nemi in duba. Manufarsa, in ji shi, ita ce ya nuna yadda gari ke cinye gona. Niyyar tana da kyau, sai dai akasarin hotunan sun kauce mata.

Mafi yawansu a fadama ya ɗauke su: shinkafar rani ta fara kore, hazo ya lulluɓe Gulbin Rima, ga masunta a Matan Fada. Sun ƙayatar, ban musa ba. Amma fadama tana da mai tsaronta, wato ambaliya. Wanda ya ga ruwan 2020 ba zai yi garajen kafa harsashin gida a can ba. Gonar tudu ce gari ke ci. Tun da Birnin Kebbi ta zama hedikwatar jiha a 1991 gine-gine suke bin hanyar Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta zauna, da kuma hanyar Argungu wajen Ambursa, inda filin jirgin sama yake.

Hotunan tudun 'yan kaɗan ne, kuma a nan damuwata take. Da hunturu an riga an girbe gero, an kwashe kara, shanu sun kiwace saura. Abin da hoto zai nuna sai ƙasa tsirara. Na daɗe a aikin gwamnati, na san yadda ake karanta irin wannan hoto a ofis: cewa za a yi fili ne. Ga shi kuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a kan abin da ke bisa ƙasa ta ɗora diyya, ba a kan ƙasar kanta ba. Ashe hoton da aka ɗauka don tausayin manomi yana iya zama shaida a kansa.

Hoto ɗaya ne ya kuɓuta. A cikinsa tsofaffin kunyoyi sun miƙe har suka shige ƙarƙashin jerin bulo, a gefe ga gawo ɗauke da ganye, kamar yadda ya saba da rani. Duk ɗan ƙasar Kabi ya san da gangan manomi ke barin gawo, domin ganyen da yake zubarwa taki ne. Wannan hoton ya nuna ƙasar tana da mai ita.

Na roƙe shi ya koma wurin a watan Agusta, ya tsaya daidai inda ya tsaya, ya sake ɗauka, ya kuma rubuta sunan ƙauyen da shekarar a bayan kowane hoto.