Labarina: Idan Kasuwa Ta Riƙe Alƙalami

Aminu Saira, ɗan Gwammaja, ya yi suna tun zamanin faifan CD da finafinai irin su Ga Duhu Ga Haske. Da satar fasaha da wayoyin hannu suka durƙusar da kasuwar Ƙofar Wambai, sai kamfaninsa, Saira Movies, ya koma ga shiri mai dogon zango. Labarina ya fara fitowa a 2020, a Arewa24 da YouTube.

Wannan sauyi ya canja hanyar samun kuɗi. A da sau ɗaya ake sayar mana da labari, mu kalla mu gama. Yanzu talla ce ke biya, ita kuwa talla tana son mu dawo kowane mako. Shi ya sa muke ganin maganar da za a gama a zama ɗaya ta ci makonni.

Matsala ta biyu ita ce jingina labari ga fuskoki. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, an ba Fati Washa matsayin Sumayya, amma mu masu kallo mun ji canjin.

Ba ma musun ingancin hoto da sauti, ko gwanintar Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu. Kuma komawa sabon labari na Mainasara dabara ce mai kyau. Roƙonmu ɗaya ne: a rubuta ƙarshen labari kafin a ɗora kyamara.