Alkawarin Minti 20: Sharhi a kan Girkin Tako da Abincin Daren Ma'aikatan Kano

1.0 Gabatarwa

Rubutun girke-girke wani reshe ne na zube wanda masu nazarin Hausa ba su cika waiwayarsa ba, alhali kuwa yana daga cikin rubuce-rubucen da aka fi aiki da su a gidaje. Idan waƙa ko ƙagaggen labari suka gaza, iyaka mai karatu ya yi tsaki ya ajiye. Idan kuwa bayanin girki ya gaza, kuɗin cefane ne ya salwanta, wataƙila ma yara su kwana da yunwa. Saboda haka ya cancanci a yi masa tarke kamar yadda ake yi wa sauran sassan adabi.

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki matani guda, watau bayanin yadda ake haɗa tako da niƙaƙƙen naman shanu, wanda ya bazu a duniya da harshen Ingilishi, ya kuma fara leƙowa cikin girke-girken zamani da ake yaɗawa da Hausa ta intanet. Za a auna shi da rayuwar ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, domin irinsu ne matanin yake iƙirarin yi wa hidima, watau mutanen da suka wuni a bakin aiki suka komo gida a gajiye.

2.0 Abin da matanin ya ƙunsa

Duk da yawan waɗanda suka rubuta shi, siffar matanin kusan ɗaya ce. Ana buɗe shi da alkawari, cewa cikin minti 20 abinci zai sauka. Sa'an nan a jero kayan haɗi: laba 1 ta niƙaƙƙen nama, watau abin da ya ɗan gaza rabin kilo, da ƙunshin kayan yaji na kanti, da ɓawon tako, wanda falle ne na masara da aka soya aka lanƙwasa, da latas da tumatir da cuku. Daga nan sai umarni: a soya naman har ya rine, a tsiyaye kitse, a zuba yaji da ɗan ruwa, a rage wuta har ya tsotse, a ɗura cikin ɓawon, a ci.

Ta fuskar tsari matanin yana da abin yabo. Jimlolinsa gajeru ne, kowace tana ɗauke da aiki guda, kuma ya faɗi adadin kowane abu. Girkin gargajiya na Hausa a murhu ake koyonsa, uwa ta nuna, 'ya ta gani, ma'auninsa kuwa shi ne "daidai misali". Wannan ya wadatar muddin mai koyarwa tana tsaye a wurin. Da zarar an mai da shi rubutu, dole a faɗi gwangwani nawa, ludayi nawa. A nan marubutan Hausa suna da abin koyi.

3.0 Asalin tako

Abin da matanin bai faɗa ba shi ne tako asalinsa abincin leburori ne. A ƙasar Meziko, tun kafin zuwan Sifaniyawa, mutane suna cin fallen wainar masara da suke naɗe wake ko barkono ko nama a ciki. Masanin tarihi Jeffrey Pilcher, a littafinsa Planet Taco na 2012, ya kawo ra'ayin cewa sunan ya samo tushe daga masu haƙar azurfa na ƙarni na 18, waɗanda ke kiran ƙunshin albarushin da suke fasa dutse da shi tako. Daga ramukan ma'adinai abincin ya shiga unguwannin ma'aikata na birnin Meziko.

Wanda ake yi da soyayyen ɓawo da niƙaƙƙen nama da cuku kuwa, a Amurka ya yi tashe, musamman bayan da Glen Bell ya buɗe shagon Taco Bell na farko a Kaliforniya a 1962. Ke nan matanin da ake fassarawa zuwa Hausa ba na matan Meziko ba ne. Na gidajen Amurka ne, inda kanti da firji da mota suka riga suka zama tamkar ɗakin girki na biyu.

Akwai kuma wata dangantaka da za ta ba ɗalibin al'ada sha'awa. Masara da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito. Kalmar tumatir ta biyo Ingilishi da Sifaniyanci ne daga harshen Nahuwatal na Meziko, ita kuwa masara Bahaushe ya raɗa mata sunan Masar, ƙasar da ya ɗauka daga can ta zo. Har ila yau, baƙi daga Labanan ne suka kai gashin shawarma garin Puebla a shekarun 1930, daga gare shi wani nau'in tako ya tsiro, kamar yadda 'yan'uwansu Kwarori suka zauna a Kano, suka yi ciniki a Kantin Kwari, suka kafa masana'antu a Bompai. Ashe baƙon da ake yi wa kallon na nesa yana da dangi a gari.

4.0 Saurin na wane ne?

Babban rauni na matanin yana cikin alkawarinsa. Minti 20 ɗin nan ba su haɗa da yankan saniya da fiɗa da niƙan nama ba, ba su haɗa da sarrafa masara ba, ba su haɗa da daka yaji ba. Duk waɗannan wasu hannaye ne suka yi su a masana'anta kafin mai girki ta kunna wuta. Watau saurin aro ne, kuma mai ba da aron shi ne lebura. Wanda ya karanta matanin a Dakata ko Ja'en ko Panshekara yana iya zama shi ne ya wuni yana ɗinke buhun fulawa domin wani ya yi girki cikin sauri, amma matanin bai san da zamansa ba.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a Kano. Bompai ta fara cika da masana'antu tun shekarun 1950, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya daga shekarun 1970, zamanin arzikin man fetur, da masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na alewa. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a tsakanin leburorin Kano a farkon shekarun 1970, ya kuma fitar da littafinsa a 1986, ya nuna cewa da yawansu daga ƙauye suka zo, wasu ta hanyar almajiranci da cin rani. Masana'anta ce ta ɗora wa waɗannan mutane agogo. Kafin ta, lokacin tuwon dare tsakanin magariba da lisha yake, ba a ƙidaya shi da minti. Daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, ga kuma ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje, masana'antu da dama suka rufe. Waɗanda suka rage a bakin aiki, mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata. Matanin da ya buɗe da laba guda ta tsokar nama don cin dare ɗaya bai yi shawara da wannan aljihu ba.

Abu na biyu shi ne niƙaƙƙen nama kansa. Niƙa tana watsa ƙwayoyin cutar da ke bayan nama zuwa cikinsa duka, shi ya sa yake saurin lalacewa, kuma masana lafiyar abinci suka ce sai zafin cikinsa ya kai digiri 71 kafin a ci. Matanin ya ɗauka akwai firjin da ba ya mutuwa. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana tafiya, mai fassarar da bai gargaɗi mai karatu a kan wannan ba ya ci amanarsa. Ba banza ba ne mahautan Hausa suka ƙware a kilishi, mata kuma suka ƙware a dambun nama, wanda ake dafawa a daka a soya har ruwansa ya ƙone, ya yi makonni bai ɓaci ba.

Na uku, ɓawon. Wasu masu fassara sukan ce in ba a sami na kanti ba a yi da garin masara. Wannan kuskure ne. Mutanen Meziko sai sun dafa masara da farar ƙasa ko toka, sun bar ta ta kwana, sun wanke, kafin su markaɗa. Wannan ne ke sa ƙullin ya yi danƙo ya murzu, yana kuma fito da sinadarin niyasin da jiki ke bukata. Garin tuwo, ko na inji ne ko na kamfani, in aka kwaɓa shi aka murza, tsagewa zai yi. Mai girkin da ta bi wannan shawara sauri ne zai haifar mata da nawa.

5.0 Abin da Kano ta riga ta mallaka

Idan aka ajiye suna aka dubi aiki, tako ba kome ba ne illa falle mai laushi da ake ɗora wa nama da yaji da ɗanyen ganye a ci da hannu. Bakano bai bukaci a bayyana masa wannan ba, domin ya tashi ya tarar da gurasa. Larabawan fatake ne ake danganta zuwanta da su, sunanta da na tanderun da ake gasa ta a ciki duk daga Larabci suke, kuma unguwannin cikin birni irin su Jakara sun shahara da ita. Gurasa da tsire abinci ne cikakke. Wanda bai da kuɗin nama sai ya ci bandashe, a tsoma gurasa a ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a yaryaɗa man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Haɗa shi ba ya kai minti 5.

Sai dai adalci ya wajabta a yi wa gurasa tambayar da aka yi wa tako. Ita ma saurinta aro ne. Mata ne a cikin gidaje suke kwaɓi su jira ya tashi, su sha zafin tanderu da hayaƙin kara, sa'an nan 'yan talla su fitar. Irin wannan ciniki na cikin kulle ne Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a 1969, Enid Schildkrout kuma ta nazarci rawar da yara ke takawa a cikinsa a Kano. Fulawar ma yawancinta daga alkamar waje take, wadda kamfanoni irin su Northern Nigeria Flour Mills na Bompai suka daɗe suna niƙawa. Littafin The Wheat Trap na Gunilla Andrae da Björn Beckman, na 1985, ya yi bayanin yadda ƙasar ta faɗa wannan tarko, kuma hana shigo da alkama da aka yi daga 1987 zuwa 1992 bai fitar da ita ba. Bambancin kawai shi ne, kuɗin gurasa yana komawa hannun maƙwabciya, kuma farashinta ya san aljihun lebura.

6.0 Matsalar fassara

Daga abin da ya gabata za a ga cewa fassarar girki ba fassarar kalmomi ba ce kurum. Mai fassara yana da tambayoyi 3 da zai amsa: wa zai dafa, da me, a kan wace wuta? Gwauron da ke haya a ɗaki guda kusa da Sharaɗa, wanda abincin darensa yake wurin mai shayi ko mai garau-garau a ƙofar kamfani, daban yake da matar da ta taso daga aiki ta tarar da baki 8 suna jira. Matanin ya ɗauka iyali mutum 4 ne, kowa da farantinsa.

Ta fuskar harshe kuma akwai hasarar da ake yi a ɓoye. Hausa tana da arzikin aikatau a fagen girki: a soya, a toya, a gasa, a babbake, a ƙyafe, a sulala, a turara, a daka, a kirɓa, a jajjaga, a tankaɗe. Kowace da irin wutarta ko irin motsin hannunta. Amma a fassarorin gaggawa sai a tarar an tattara su duka a ƙarƙashin "a dafa" da "a soya", sauran gurbin a cike shi da kalmomin Ingilishi tsirara. Haka ma'auni: ana cewa kofi da giram ga mai cefanen da ta san mudu da gwangwani da kashi. Yarinyar da ta koyi girki daga waya, ba daga kakarta ba, za ta tashi da rabin ƙamus.

Fassara mai aminci, da za a yi ta, za ta ce a sami gurasa ko a murza fallen fulawa a gasa a tanda. A sayi nama kashi guda a wurin mahauci a sa ya niƙa a gaban mai saye, a dafa shi a daren nan, ko a yi amfani da dambun da aka tanada. A ƙara masa auki da dafaffen wake, kamar yadda talakan Meziko ke yi. A sa yajin ƙuli a gurbin na kanti, kabeji a gurbin latas in ya yi tsada. Za ta kuma faɗi gaskiyar lokaci, har da na hura gawayi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa matanin tako yana da kyawun tsari da ma'auni, amma ya ɓoye aikin da ya sa shi sauri, ya kuma ɗauki kanti da firji da albashi mai kauri tamkar kowa yana da su. Ba laifi ba ne Bahaushe ya ci tako. Masara da tumatir ma baƙi ne da suka zama 'yan gida, gurasa kuma haka. Abin da ake bukata shi ne baƙon ya shigo ta hannun wanda ya san gidan.

Aikin da ke gaban ɗaliban babban digiri a sassan Hausa a fili yake. Masu gurasa na cikin birni, da masu abinci na ƙofofin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, suna riƙe da kalmomi da ma'aunai da dabarun ciyar da mai gajiya cikin ɗan lokaci da kuɗi kaɗan. Ya kamata a je a zauna da su, a naɗi bayaninsu da bakinsu, a rubuta shi da adadi yadda wanda bai taɓa gani ba zai iya bi. Daga irin wannan taska ce za a sami ma'aunin da za a riƙa gwada duk wani girkin da aka aro.