WANE IRIN NAMIJI MUKE RUBUTA WA 'YAN MATA?

'Yan'uwana mata, masu karatu a tsakar gida bayan an sauke tukunya, da masu karatu a ɓoye cikin bargo don gudun faɗan Inna. Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ƙorafi ne nake tafe da shi, kuma da kaina zan fara, tunda Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kwanakin baya na je wani biki, ina zaune ana ta hidima sai wata yarinya da ba za ta wuce shekara 20 ba ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Anti, ke ce kika rubuta littafin nan ko? Wallahi saboda jarumin littafinki na zaɓi mijina." Nan take kaina ya kumbura, na ce ashe dai rubutun nan yana aiki. Sai ta ja hannuna muka koma gefe.

Ta ce samari biyu ne suka neme ta. Ɗaya malamin makaranta ne, mai fara'a, in ya zo zance yakan tambaye ta me take so, me take tsoro, har ya ba ta labarin wautar da ya yi yana yaro su yi dariya. Ɗayan kuwa a mota yake zuwa, ba ya dariya, magana ɗaya biyu ya ja bakinsa ya tsuke, in ya ga ta gaisa da ɗan maƙwabta sai ya yi sati bai leƙo ba. Sai ta ga na farkon ba shi da aji, na biyun shi ne irin na littafi. Yau watansu takwas da aure. Yakan yi kwana goma ba ya ce mata uffan, ta girka ya tsallake kwanon, ba ta san laifinta ba balle ta ba da haƙuri. Ta dube ni idonta fal hawaye ta ce, "Anti, a littafinki a ƙarshe ya canza. Ni yaushe nawa zai canza?"

Wallahi ban sami abin ce mata ba. Da na koma gida na ɗauko littafin, wanda na buga da kuɗin adashina ina ta alfahari, na karanta shi da idon wannan yarinya. Jarumin nawa ya mari matarsa sau biyu. Ya yi mata gaba ta wata guda. Tun daga bangon farko har na ƙarshe babu inda ya buɗe baki ya ce "na yi kuskure". To yaya aka yi ya canza? Haɗarin mota na haɗa masa, ya kwanta a asibiti, ta yi jinyarsa, ya tashi ya saya mata sarƙar gwal. Shi ke nan, na rubuta Alhamdulillahi na rufe littafi.

Ba ni kaɗai ba ce, mu faɗa wa juna gaskiya. Ki ɗauki littafi goma cikin waɗanda ake yayi, na takarda ko na cikin waya, ki duba mazan da ke ciki. Sau da yawa mutum ɗaya ne ake sauya wa suna: dogo, kyakkyawa, ɗan masu kuɗi, miskili na bugawa a jarida. Rashin maganarsa mun sa masa suna jan aji. Kishinsa da ya kai ga ƙwace waya da kulle ƙofa mun ce tsananin so ne. Ita kuwa yarinyar, aikinta ta iya girki, ta iya kwalliya da turaren wuta, ta yi ta haƙuri har dutse ya dahu. Da mace ce ta ƙi magana, ta ƙi cin abinci, ta fasa kofi don ranta ya ɓaci, cewa za mu yi ba ta da tarbiyya. Da yaro ɗan shekara biyar ne, cewa za mu yi rigima ce ta ƙuruciya. To don me in mai gemu ya yi sai ya zama gwarzo?

Wanda ya girma a zuci, a ganina, shi ne wanda in ransa ya ɓaci ya san abin da ya ɓata masa, ya iya faɗinsa da baki ba da hannu ba. In an ce masa a'a ba ya ɗaukar ta a matsayin yaƙi. In ya yi laifi yakan amsa, ba sai an tara masa dattijai ba. Kawaici kuma daban yake da gaba. Mai kawaici ya ga laifi ya kau da kai don a zauna lafiya, mai gaba kuwa shirunsa bulala ce, so yake ki ji a jikinki. Mun cakuɗa biyun a littattafanmu har 'yan mata sun kasa rarrabewa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, iyayenmu a wannan sana'a sun fi mu ƙarfin hali. A akwatin yayata na fara cin karo da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Wadda ta karanta ta san Rabi, mai 'ya'ya tara, da mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa, wanda ba ya wadata gidansa da cefane amma ya sami kuɗin auro Delu, daga baya ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe yaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Shi kuwa gobara ta cinye masa shago, arziki ya karye, Delu ta juya masa baya, sannan ne fa ya tuna da Rabi.

Ina yarinya na ji haushin ƙarshen littafin nan, don an taru an matsa wa Rabi ta koma. Sai da na yi aure na gane abin da marubuciyar ta yi. Ba ta yi mana ƙaryar cewa Alhaji Abdu ya zama sabon mutum ba. Talauci ne ya koro shi. Wanda ya dawo don aljihunsa ya huje daban, wanda ya dawo don ya zauna ya auna zafin da ya sa wa wani daban. Hajiya Balaraba ta bar mu da ɗacin a baki don mu tambayi kanmu: wa ya ci ribar wannan sulhu? Mu kuwa na baya sai muka ɗauki gobarar da haɗarin motar, muka zubar da tambayar. Muna azabtar da namiji a shafi biyar na ƙarshe, mu kira abin nadama.

Haka a Wa Zai Auri Jahila? ta nuna mana Abu, wadda aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho Sarkin Noma, ta gudu birni wurin 'yar'uwar iyayenta ta koma karatu. Ba a ce Abu ta zauna ta gyara Sarkin Noma da girki ba. Kanta ta gyara. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, domin ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta nemi iliminta a ajin manya. Wannan littafin Alhaki har an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Gaskiyar da ke cikinsa ce ta kai shi can.

Na san da zarar mace ta yi irin wannan magana sai a ce ta zama 'yar feminizim, wai ta ɗauko aƙidar Turawa ta raba mata da mazajensu. Ni iyakata sakandare, ban je jami'a na karanci wannan aƙida ba, kuma na ji a cikin masu ita akwai masu faɗin abin da ban yarda da shi ba. Amma in cewa mace mutum ce mai zuciya, a saurare ta, kada a dake ta, kada a hana ta ilimi, shi ne abin da ake tsoro, to ba daga Ingila ya zo mana ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Ba a ce ta kashe auren kowa ba.

Kuma in mazantaka ake nema, wa ya kai Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi? Ranar da wahayi ya fara sauka, wurin Nana Khadija ya nufa jikinsa na rawa, bai ɓoye mata tsoronsa ba. A Hudaibiyya, da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama ya karɓa aka sami mafita. Da ɗansa Ibrahim ya rasu ya zubar da hawaye a gaban mutane. Nana A'isha ta ba da labarin yana taya iyalinsa aikin gida, kuma bai taɓa dukan mace ba. Ya koyar da cewa mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. To miskilin da muke rubutawa, wa ya biyo?

Sai maganar karatu. Tun da Hajiya Hafsatu Abdulwahid ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, har zuwa su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa, ake ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan nan. A shekarun 1990 malamai irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi ta muhawara a jaridu a kan darajarsu. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta. Kullum fargabar ita ce kada littafi ya lalata 'ya mace. Ni tambayata ita ce, ina wanda ya damu da cewa ɗa namiji bai karanta ba?

Da yawan mazanmu in sun ga littafin Hausa sai su taɓe baki su ce abin mata ne. Alhali wanda ya zauna ya bi Rabi shafi bayan shafi, ya ji yadda take lissafin kwanon masara da bakin yara tara, ya shiga zuciyar da bai taɓa shiga ba. Amfanin labari ke nan, ya ara maka idon wani na 'yan awoyi. Ba na cewa karatu kaɗai yana gyara mutum, na san masu digiri da ke kulle matansu su tafi da makulli. Amma wanda bai taɓa zama ya saurari abin da ke cikin ran mace ba, ko a takarda, da wuya ya iya sauraron ta cikin ɗakinsa. Sai dai kuma in ya ɗauki littafin namu ya tarar miskili ne ake yi wa kirari, me muka koya masa? Mun ce masa ya ci gaba, ana son sa a haka.

Mu iyaye mata ma da namu kason. Yaro ya faɗi ya fasa gwiwa, mu ce, "Yi shiru, namiji ba ya kuka." Ya doki ƙanwarsa, mu ce mata, "Ke ma da tsokana, ba shi haƙuri yayanki ne." Ya ci abinci ya bar kwano a wurin, mu kira 'yar mace ta ɗauke. Shekara ashirin muna koya masa cewa ɓacin ransa aikin wata ne ta lallashe shi, rana ɗaya mu kai masa 'yar mutane mu ce Allah ya ba da zaman lafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka 'yar'uwa, ban ce ki daina karatu ba, ni da littafi nake ci. Amma in kin ɗauki littafi, nawa ko na wata, ki yi wa jarumin tambayoyi kamar yadda waliyyinki zai yi wa mai neman aurenki. In aka cire masa motar da kyan fuskar, me ya rage? Yaya yake yi wa direbansa da 'yar aikin gidansu magana? Da ya canza a ƙarshe, fahimta ya yi ko wuya ya sha? In ƙanwarki ce aka kai gidansa, za ki iya barci? Haka in saurayi ya zo zance, ki lura da ranar da kika saɓa masa, don a ranar ne za ki ga mijin da za ki zauna da shi. Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa, amma mai hankali tun daga ƙamshi take ganewa.

Ke kuma da kike ciki tsundum, haƙuri ibada ne, amma haƙuri bai hana ki faɗa wa manyanki halin da kike ciki ba. In abin ya kai ga duka, kada ki rufe, ba so ba ne ko a wane littafi kika karanta shi. Abin da na faɗa wa yarinyar nan ke nan da na sake nemanta, na kuma roƙe ta gafara. Ta yi dariya ta ce ai ba ni na ɗaura auren ba. Haka ne, amma ni na yi wa angon kwalliya.

Littafin da nake rubutawa yanzu, jaruminsa tela ne mai keke ɗaya. A babi na huɗu ya yi wa matarsa tsawa a gaban ƙawarta, da dare ya kasa barci, ya tashe ta ya ce ta yafe masa, ba tare da mota ta buge shi ba. Wata ƙawata marubuciya ta karanta ta ce, "Wannan ba zai yi kasuwa ba, 'yan mata ba sa son namiji mai sanyi." Wataƙila gaskiyarta ne, wataƙila in yi asarar kuɗin bugu. Ku ne za ku raba mu gardama.

Kuskuren da ke cikin wannan rubutu nawa ne, Allah ya yafe mini. Allah ya ba 'yan matanmu mazaje masu tausayi, ya zaunar da matan aure lafiya a ɗakunansu, ya shirya mana 'ya'yanmu maza da mata, amin.

Taku har kullum, 'yar'uwarku marubuciya.