Shirya Malamin Hausa na Ƙaramar Sakandare: Nazari daga Tudun Wadar Jos

Wannan sashe na rahoton ya dubi irin horon da jami'a ke bai wa ɗalibin da zai koyar da Hausa a ƙaramar sakandare, tare da auna shi da ajin da ke jiransa. Mun zaɓi unguwar Tudun Wada da ke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ne saboda yanayin harsunanta.

Ta fuskar doka hanya a shimfiɗe take. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗe shekaru 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare suka zama ilimin tushe. An kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, da doka mai lamba 31 ta 1993, kuma tun 2017 take shirya jarrabawar cancanta kafin ta ba da lasisi. Sai dai jarrabawar ta kwamfuta ce, kuma a shekarunta na farko ta fi karkata ga tushen ilimi, kamar tarihinsa da falsafarsa da halayyar ɗan Adam. Ba ta ganin malami a gaban allo.

A nan ne gizo ke saƙa. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta bambanta koyar da harshe a matsayin harshen farko da koyar da shi a matsayin na biyu, kuma kwalejojin ilimi sun daɗe da raba kwas ɗin Hausa gida biyu bisa wannan. A ganinmu digirin jami'a bai ba bambancin muhimmancin da ya kamace shi ba. Ana cika ɗalibi da ginin jimla da tsarin sauti da nazarin waƙa da zube, duk bisa zaton zai tarar da yara irin na Kano ko Katsina. Ajin Tudun Wada kuwa ya tara 'ya'yan Birom da Afizere da Angas da Tarok da wasunsu. Yawancinsu suna jin Hausa, da ita suke ciniki da wasa, amma ba ita suka tsotsa ba. Ba Hausawa ba ne, ba kuma baƙin harshen ba ne. Manhajar horo ba ta da gurbinsu.

Misali, yaro zai ce "yarinya ya zo", ko ya furta "ƙasa" kamar "kasa", ba tare da an kasa fahimtarsa a kasuwa ba. Malamin da bai san komai ba sai Daidaitacciyar Hausa zai ɗauki wannan ganganci ne, ya cika littafin yaro da jan biro, yaron kuma ya tsani darasin. Wanda aka horar da kyau zai gane cewa rashin bambanta jinsi siffa ce sananniya ta Hausar da ake yi a matsayin harshen hulɗa, sai ya gina darasin jinsi da baƙaƙe masu ƙugiya a kan abin da yaron ya riga ya iya. Makonnin gwajin koyarwa 'yan kaɗan ba za su koya masa wannan ba, balle idan mai duba shi ya leƙo sau ɗaya ya tafi.

Akwai ƙofa a buɗe. Sabon ma'aunin manhaja da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara bisa bukatun muhallinta. Muna ba da shawarar tsangayoyin ilimi, musamman ta Jami'ar Jos wadda ta tsaya da ƙafarta tun 1975, su keɓe daga wannan kaso kwas a kan koyar da Hausa a aji mai harsuna da yawa, a haɗa da nazarin Hausar Jos ɗin kanta, sannan a tura ɗalibai gwaji makarantun irin waɗannan unguwanni na zango guda cur.