Masu Zana Taswirar Hanyar Kuɗi

A Idi-Araba, daga bakin ƙofar asibitin koyarwa na LUTH har cikin lungunan da Hausawa suka yi kaka-gida, ba ka nisa ba ka ga laimar mai POS ba. Kuɗin magani, da cinikin mai shayi, da abin da mai tsire zai aika wa iyalinsa a Kano ko Sakkwato, duk ta 'yar na'urar nan suke bi. In an yi sa'a, kafin ka mayar da kati aljihu alat ya shigo. In ba a yi ba, sai ka ji an ce, "Alhaji, a yi haƙuri, netwok ya ɗauke." A daidai wannan lokacin, can a wani ɗaki mai sanyi, akwai wanda ke zaune gaban allo yana neman inda hanya ta yanke. Saurin da zai gano wurin ya dogara ne da aikin wani gwani da ya riga shi zama, wanda ya tsara abin da allon zai nuna. Wannan gwanin nake so a sani, domin a ganina ba a ba shi haƙƙinsa ba.

Saƙon da ya tashi daga na'urar POS yana da zango da yawa. Zai hau turken kamfanin waya, ya bi wayar faiba a ƙarƙashin ƙasa, ya isa kamfanin da ya ba da na'urar, ya ratsa masu haɗa bankuna irin su Interswitch da aka kafa a 2002, ko NIBSS da ke aiki tun shekarun 1990, ya shiga bankin mai kati, sannan amsa ta dawo. Kowane zango yana iya kawo cikas.

Fasahar sa ido a kan irin wannan doguwar hanya ta girma ne a gindin manyan kwamfutocin da ake kira menfirem. Kamfanin IBM ya fito da System/360 a 1964, ya kawo tsarin sadarwa na SNA a 1974, sannan a 1986 ya haɗa kayan sa idonsa wuri guda ya kira su NetView. Har yau jikokin System/360, kamar z16 da ta fito a 2022, suna ɗauke da lissafin manyan bankunan duniya da kamfanonin inshora da na kati irin su Visa. Na'ura guda ana yanka ta gida-gida, kowane gida yana aiki tamkar kwamfuta mai cin gashin kanta, kuma ana iya ɗaure har tsari 32 su yi aiki tare. Dubban layuka da rassa da manhajoji ne ke rataye a jikinta.

NetView yana da wata ma'ajiya mai suna RODM, inda ake rubuta kowane abu da ke cikin sadarwar: sunansa, halin da yake ciki yanzu, da abin da yake jingine da shi. Daga nan ake zana taswirar da ma'aikaci ke gani. Na'urar za ta iya tattaro abubuwa da kanta ta zube su a allo, kuma sabon shiga yakan yi murna da haka, ya ga komai ya fito. Gwani ba ya farawa daga allo. Takarda yake ɗauka ya je wurin masu harkar ya tambaye su: wane abu ne in ya tsaya minti biyar jama'a za su taru a ƙofa? Wane ne zai iya kwana a mace ba wanda ya damu? Da amsar nan yake yanke abin da zai hau taswirar farko, da wanda sai an tona za a gani, da wanda ba za a ma ɗauko shi ba, tunda kowane abu da aka sa wa ido yana cin ƙwaƙwalwa da lokacin na'ura. Ko suna sai ya yi wa tunani. A tsarin SNA sunan abu ba ya wuce harafi takwas, to a cikin takwas ɗin nan yake cusa gari da reshe da irin na'ura, ta yadda mai aikin dare da ya ga sunan zai san inda matsala take ba tare da buɗe wani kundi ba.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne dunƙulewa. A ɗauka banki yana da injinan cire kuɗi arba'in a yankin Mushin da Surulere. Gwani zai haɗa su a alama guda, ya gindaya mata iyaka. Biyu sun mutu, alamar tana nan koriya, domin kullum sai an samu wanda takarda ta maƙale masa. Shida sun mutu, ta koma rawaya. Goma sha biyar, ta yi ja, a tashi tsaye. Amma layin da ya haɗa bankin da masu haɗa bankuna ba a jira masa na biyu, da ya yi tari gaba ɗaya taswirar za ta amsa. Waɗannan lambobi ba littafi ne ke bayar da su ba. Mutum ne yake zama da tarihin abin da ya faru a baya, ya san ranar albashi da jajiberin Sallah, ya san wane reshe ne janaretonsa ke jinkirin kamawa idan an ɗauke wuta. In ya matse iyakar da yawa, allo zai yi ta ja babu dalili har ma'aikata su daina kallonsa, kuma wannan ya fi rashin allon muni. In ya sassauta, sai abokan ciniki sun riga shi sani.

'Yan gwari na kasuwar Mile 12 za su gane abin da ke biye. Ranar da tirela ta faɗi ta tare hanya tsakanin Mokwa da Jebba, diloli da yawa ne za su yi kukan tumatirinsu bai iso ba, alhali matsalar guda ce, a wuri guda. Haka idan rawuta ɗaya, wato na'urar da ke raba wa saƙonni hanya, ta mutu, duk abin da ke bayanta zai yi ƙara lokaci guda, saƙonni ɗari-ɗari su cika allo. Wanda ya rubuta dangantakar abubuwa daidai ya riga ya koya wa na'urar ta nuna uwar matsala ta danne 'ya'yanta.

Akwai kuma launin toka, wanda ke nufin ba a san halin da abu yake ciki ba. Ƙwararru suna girmama wannan launi ƙwarai. Abu yana iya mutuwa ba tare da ya samu damar aiko da kuka ba, shi ya sa ake leƙa shi lokaci zuwa lokaci a tambayi lafiyarsa. Leƙe da yawa yana cunkushe layin da ake son karewa, leƙe kaɗan kuma yana barin alama koriya a kan abin da ya daɗe da macewa. Gwani ya gwammace allonsa ya fito fili ya ce labari ya yanke, da ya ci gaba da nuna lafiyar jiya.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ya raunana a ƙasashen Afirka ta Yamma, harkar banki a Najeriya ta taɓu. Sunaye huɗu ne, masu su daban, amma a teku yanki guda suka ratsa. Irin haka na faruwa a tudu ma: ka sayi layi biyu daga kamfani biyu don in ɗaya ya yanke ɗaya ya riƙe ka, ashe rami guda suka bi a gefen titi, katafilar masu gyaran hanya ta tsinke su tare. Na'ura ba za ta gano wannan da kanta ba, layi biyu take gani. Sai mai tsara taswira ya matsa wa kamfanonin sun nuna masa ainihin inda wayarsu ta bi, ya dawo ya rubuta da hannunsa cewa biyun nan ƙaddararsu ɗaya.

Bayan haka sai gwanin ya raba iko. Yaron da ke aikin dare yana ganin komai, amma abubuwa ƙalilan ne aka yarje masa ya kashe ko ya kunna. Layin da ya saba faɗuwa ya tashi, an rubuta wa na'ura ta gwada tayar da shi da kanta, in ya ƙi bayan 'yan gwaje-gwaje ta buga wa injiniya waya. Duk matsalar da aka fita daga cikinta, washegari gwanin zai koma ya duba ko allonsa ya nuna ta da wuri, ya gyara iyakar da ta makara, ya cire reshen da aka rufe, ya shigar da sabon da za a buɗe tun kafin a jona masa waya.